Ɗakin da Aka Ba Inna Kyauta a Abuja

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a Kiru, a ita ce aka gayyaci mahaifiyata taro a Abuja. Inna muke ce mata. A lokacin ta daɗe tana shugabantar matan Yako masu turara shinkafa. Ba da ƙuri'a aka zaɓe ta ba. Ita ce dai wadda ake zuwa wurinta idan tukunya ta tsage, ita ce ke zuwa ta tsaya a kan mai injin casa idan ya fara yi musu wasa da aiki, kuma makullin ɗakin da suke ajiye shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a bakin zaninta yake ƙulle.

Wata ƙungiya mai taimakon mata manoma ce ta aiko da takardar. Taron kwana uku ne, kuma an ce duk shugabar da ba ta karatun boko tana iya zuwa da mai rakiya. Yayyena maza kowa ya ce yana da uzuri, sai abin ya faɗo kaina. Ban ɓoye murnata ba. Ban taɓa zuwa Abuja ba, ban kuma taɓa kwana a otal ba.

Bayan sallar asuba muka hau achaɓa biyu zuwa bakin titi, muka sami bas. Inna ta rungume jakar bakkonta a cinya tun daga nan har muka isa, ta ƙi yarda a sa ta a but ɗin motar. A ciki akwai zannuwanta uku, da butarta, da ƙullin shinkafar da ta turara da hannunta don ta nuna a wurin taro. Sai bayan la'asar muka sauka a ƙofar otal ɗin.

Muna shiga Inna ta tattare bakin zaninta ta ɗage shi sama. Na ce mata lafiya? Ta ce ba ki ga an zubar da ruwa ba? Ba ruwa ba ne, daɓen ne yake sheƙi haka. Na yi dariya, amma ni ma a hankali nake taka shi.

Wata budurwa ce a bayan dogon tebur tana karɓar baƙi. Da ta ga Inna sai ta bar Turanci ta koma Hausa.

"Sannunku da hanya, Mama. Daga ina?"

"Daga Yako, ƙasar Kiru," in ji Inna. "Mun same ku lafiya? Ya aiki? Ya iyayenki?"

Yarinyar ta amsa gaisuwar duka, tana murmushi tana danna kwamfuta. Can sai ta ɗan dakata, ta kira wani a waya, ta ajiye, ta dube ni.

"Anti, ɗakuna masu gado biyu irin wanda aka kama muku sun cika. Amma kada ku damu, za mu ɗaga ku zuwa babban ɗaki a hawa na tara."

Na tuna ɗan kuɗin da ke cikin jakata. Na ce, "Me za mu ƙara?"

"Ba za ku ƙara komai ba. Kyauta ce daga otal."

Na juya na yi wa Inna bayani, duk da ta ji da kunnenta. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce, "Me muka yi musu?"

Na ce ba mu yi musu komai ba, haka suke yi. Ban san ko haka suke yi ba, so nake kawai mu bar wurin, don akwai mutane a bayanmu.

A cikin lif Inna ta riƙe damtsena da hannu biyu tana salati har muka tsaya. Wani ma'aikaci ya nuna mini yadda ake manna kati a jikin ƙofa, ya tura ta, ya ajiye jakata, ya tafi.

Na shiga. Na yi taku uku na tsaya cak. Abin da na zata ɗaki ne, ashe falo ne kawai. Kujeru ne na alfarma a jere, ga teburin cin abinci mai kujera shida, ga talabijin da ta kusa kai allon ajinmu faɗi. A kan tebur an ajiye kwando cike da tuffa da inabi da ayaba. Bango guda ɗungurungum gilashi ne daga sama har ƙasa, motoci na wucewa can ƙasa kamar ƙwari. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya ratsa ni har cikin ƙashi. Wata ƙofa ta kai ni inda gadon yake, gadon da mutum biyar za su kwanta ba wanda ya taɓa wani. Banɗaki biyu ne. A babban akwai kwamin wanka fari tas, da tawul-tawul a naɗe kamar za a kai lefe.

Da na fito na tarar Inna tana nan a bakin ƙofa, jakarta a rungume.

"Ina mutanen?" ta ce.

"Waɗanne mutane, Inna?"

"Masu gidan."

"Mu ne. Mu biyu."

Ta tuɓe takalmanta ta shigo, tana bin gefen bango. Ta leƙa ɗakin gadon ta ja da baya. Ta leƙa banɗakin, ta daɗe tana kallon kwamin nan, sannan ta tambaye ni na mene ne. Na ce cika shi ake yi da ruwa mutum ya shiga ya kwanta.

"Mutum ɗaya?"

"Mutum ɗaya."

"Sannan a yi yaya da ruwan?"

"A sake shi ya tafi."

Ta riƙe haɓa. "Innalillahi. Ruwan da zai jiƙa mini buhu guda na shanshera."

Ni kuwa tuni na faɗa kan gadon ina juyi kamar yarinya. Na ce mata ta zo ta ji laushi. Ta ƙi ko zama. Ta ce magariba ta kusa, kuma ita ba za ta kai goshinta ƙasa a wurin da ba ta san halaccinsa ba. Wuri irin wannan ba a rasa mai shi. Ko dai an kori wani ne aka sa mu, ko kuma an ɗauke mu a matsayin wasu ne, gobe a zo a tozarta mu. Na yi magiya, na ce Inna mun gaji, ta ce in ɗauko katin ƙofa mu koma ƙasa.

Haka muka sake shiga lif, ta sake riƙe damtsena.

Yarinyar tana ganinmu ta miƙe. "Mama, akwai matsala ne?"

"'Yar nan, tsakaninki da Allah, wa kuka fitar daga ɗakin can?"

"Wallahi ba kowa, Mama. Babu kowa a ciki tun shekaranjiya. Irinsa uku ne ma a hawan babu mutane. Idan ƙananan ɗakuna suka cika, manyan kuma suna zaune haka nan, sai mu ɗaga baƙo mu sa shi a ciki. Da ya kwana a rufe, gara wani ya ji daɗinsa."

"A rufe? Da gadon da kujerun da sanyin duka?"

"Eh, Mama."

Inna ta jujjuya maganar. Na ga alamar ta fara yarda, na ji daɗi. Muna juyawa za mu tafi sai ta hango wata dattijuwa a can gefe, ta ɗosana a bakin wata doguwar kujera, ƙullin kayanta a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Doguwa ce siririya, da ganinta ka ga Bafulatana. Tun shigowarmu ta farko tana wurin, ni na gan ta, ban dai kula ba. Inna ta nufe ta ta yi sallama.

Daga wata ruga take a bayan duwatsun Doguwa, ita ce babbar matan da ke sayar da nono a yankinsu. Taron da muka zo shi ta zo. Ɗanta ya sa ta a mota ya koma wurin shanu. Tun azahar ta iso, aka duba takarda aka ce babu sunanta, masu shirya taron sun tsallake shi. An yi ta kiran jami'insu a waya bai ɗauka ba. Ko ruwa ba ta sha ba, don ba ta san wanda za ta tambaya ba. Tun daga ranar Goggo nake ce mata.

Inna ta koma wurin tebur da saurin da ban san tana da shi ba.

"Baiwar Allahn can fa?"

"Mama, ɗakuna sun cika, kuma sunanta bai fito ba. Muna jiran masu taron ne."

"Ba yanzu kika ce mini akwai irin namu uku a rufe ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Akwai. Amma wanda yake da ɗaki a takarda shi ake ɗagawa. Ita ba ta da ɗakin da za a ɗaga ta daga shi."

Inna ta dube ni, wai ko ni na gane in fassara mata. Na gane sarai, amma na rasa yadda zan faɗa ya yi daɗin ji. Na ce, "Wai sai mai ɗaki ake ba babban ɗaki."

"Mu da muke da wurin kwana an ƙara mana, ita da ba ta da shi an bar ta a kujera tun azahar?"

Inna ta je ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kayan Goggo da kanta, ta ce, "Taso, 'yar'uwa, mu je." Yarinyar ta rikice ta kira manaja. Ya fito, mutum mai fara'a, ya saurara, ya ce ɗakinmu ne, muna iya sa wanda muke so, a dai rubuta sunanta. Har ya ba Goggo haƙuri.

Zan faɗi gaskiya, a raina ban so ba. Na riga na tsara yadda zan cika kwamin nan in kwanta a ciki, in yi ta kallon talabijin ba mai ce mini komai. Yanzu ga baƙuwa. Ban nuna ba, amma Inna ta san ni. A cikin lif ta kalle ni sau ɗaya, na kawar da kai.

Kwana ukun nan Inna da Goggo a falo suka kwana, a ƙasa kan kafet, kowacce ta shimfiɗa zaninta. Gadon ni kaɗai na hau shi. Aka kashe na'urar sanyi saboda ciwon gwiwar Goggo. 'Ya'yan itacen nan ba su taɓa su ba sai da Inna ta sa na kira ƙasa sau biyu aka tabbatar mata namu ne. Da safe kafin mu sauka taro sai su tsaya a jikin gilashi suna kallon gari, Goggo tana neman inda shanu za su yi kiwo a Abuja ba ta gani ba.

Rana ta biyu na matsa wa Inna ta zauna a babbar kujera in ɗauke ta hoto. Ta ƙi, na nace, ta zauna a takure. Na jawo kwandon 'ya'yan itace kusa da ita, na buɗe labule gari ya fito a bayanta. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Na tura shi zauren danginmu na waya, na rubuta a ƙasa, "Inna a masaukinta na Abuja." Ban rubuta cewa kyauta aka ba mu ba. Ban sa Goggo a ciki ba, ban kuma ɗauki zannuwan da ke shimfiɗe a ƙasa ba. So nake a gani a yi mamaki.

Taron kansa bai wuce jawabai ba. Inna ta nuna shinkafarta aka yaba, aka ba ta takardar shaida, aka yi alkawarin za a aiko wa ƙungiyarsu sabuwar tukunyar turara ta zamani. Muka rabu da Goggo a tasha, ita da Inna suna ta sa wa juna albarka.

Ɗan achaɓan da ya ɗauki Inna daga bakin titi zuwa Yako shi ya fara. Ya ce, "Inna, an dawo daga gidan gwamnati? A dai tuna da mu." Muka yi dariya. Amma da muka isa gida, matan da suka saba cika tsakar gidanmu ko kasuwar Kiru Inna ta je ta dawo, ranar mutum huɗu kawai suka leƙo, su ma a tsaitsaye. Na koma bakin aikina ban kawo komai a raina ba.

Ranar Alhamis ƙanwata ta kira ni ta ce in zo gida, matan ƙungiya sun kira Inna zama.

A filin da suke shanya aka taru, bayan la'asar. Ina isowa na ga waya tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowacce ta karɓa sai ta kara ta kusa da ido. Da ta zo kusa da ni na leƙa. Hoton da na ɗauki Inna ne. Daga zauren danginmu wani ya tura wa wani, har ya zagaye garin.

Mataimakiyar Inna ce ta yi magana. Ƙawarta ce tun suna amare, tare suke shanya, tare suka yi goyon fari. Ba ta kalli Inna ba. Ta ce magana ce ke yawo, gara a yi ta a fili. Ɗan wata a cikinsu direba ne a Abuja, ya ga hoton ya ce ɗaki irin wannan sai gwamnoni da ministoci. An kuma tambayi matan Bebeji da na Tudun Wada da suka je taron, sun ce su ƙananan ɗakuna aka ba su. To, mutane na cewa an ba da tallafi da sunan matan Yako, an kuma san wadda ta karɓa.

Na dubi Inna. Tana zaune a kan tabarma, hannayenta a kan gwiwa, bakinta a ɗan buɗe, kamar wadda aka yi wa magana da yaren da ba ta ji.

Na miƙe na ce ni na je, ni na ɗauki hoton, ga yadda aka yi. Na faɗi komai, cikar ɗakuna da kyautar da duk abin da yarinyar ta ce. Ina cikin magana wata tsohuwa ta katse ni.

"Malama, ke kin yi boko. Tun da kike a duniya, kin taɓa ganin an kira talaka an ba shi abu mai tsada don kawai yana ajiye?"

Na ce ban taɓa gani ba sai a can.

"To, mu ma ba mu taɓa gani ba."

Na ciro wayata na kira otal ɗin, na buɗe murya kowa ya ji. Wani namiji ne ya ɗauka, da Turanci. Na roƙe shi ya gaya musu yadda aka ba mu ɗakin. Ya ce ba sa ba da bayanin baƙinsu ta waya. Da na fassara, sai na ji wata a baya ta ce, "Kun ji ko? Sirri ne."

A nan Inna ta miƙe. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro makullin ɗakin ajiya, ta ajiye shi a kan tabarma a gaban mataimakiyarta.

"Na ɗauka ko gari duka ya faɗa, ke za ki ce ƙarya ne," ta ce. "Ban ci haƙƙin kowa ba, Allah ne shaidata. Ga makullinku."

Ta sa takalmanta ta tafi. Na bi ta a baya ina kuka a kan hanya, mutane na kallo.

A gida na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini, ni na jawo. Ta dube ni. Sannan ta ce, "Tashi. Kin yi wauta, amma ke hoto kika nuna musu. Sauran su suka ƙara da bakinsu."

Ban iya haƙura ba. Na nemi lambar ɗan Goggo na gaya masa abin da ya faru. Bayan kamar mako biyu sai ga ta a Yako da rana tsaka, ta sha hanyar daji a kan achaɓa da wannan gwiwar tata, ta hau mota biyu. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba ta ce a kai ta inda matan suke. Ta same su suna juya shinkafa a filin shanya. Ta gaya musu yadda ta yini a kujera, da wadda ta ɗauki ƙullin kayanta, da inda suka kwana. Ta ce, "Matar da kuke cewa ta ci dukiyarku, tuffa guda ba ta iya ci ba sai da ta tambaya sau biyu. A ƙasa ta kwana kusa da ni. In akwai mai Alƙur'ani a kusa a kawo in dafa."

Ba wadda ta ce a kawo. Wasu suka bi ta har gidanmu suka ba Inna haƙuri a ranar. Wasu ba su zo ba har yau. Mataimakiyar ta zo washegari da sassafe ita kaɗai, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna tana hawaye, ta ajiye makullin. Inna ta ce ta yafe mata duniya da lahira, ta zuba mata koko, suka sha tare. Da za ta tafi Inna ta ɗauki makullin ta sa mata a hannu ta rufe yatsunta a kai.

Tukunyar da aka yi alkawari ta iso bayan damina, aka yi taro aka karɓe ta. Inna ba ta je ba. Yanzu a gida take turara tata, da tsofaffin tukwanenta biyu, tana shanya a tsakar gida. Dillalai daga Kiru har gida suke zuwa saye. Idan matan ƙungiya suka rasa yadda za su yi da mai injin casa, sukan aiko a tambaye ta, ta faɗa musu abin da za su ce masa, amma ba ta sake zuwa ta tsaya musu ba.